Kawu Sale da Daddawar Inna

Kun san Kawu Sale ba ya kai hanci kan abu. Sai ya tsaya nesa kaɗan, ya fifito iskar da tafin hannu, ya lumshe ido, yadda yake nuna wa ɗalibansa lokacin da yake koyar da kimiyya a nan Daura. Turare, fura, har jariri, duk haka yake musu. In warin ya harbi hanci, hukuncinsa kalma ɗaya ce: amoniyakal.

Ina ƙarama na ɗauka zagi ne. Shi ya zaunar da ni ya ce ana faɗin ta ne ga duk abin da ke ɗauke da sinadarin amoniya ko warinsa, kamar turken awaki da safe, ko buhun takin zamani da ya sha raɓa. Ranar wani suna aka miƙa masa jariri ya yi addu'a. Ya fifita, ya ce, "Allah Ya raya. Amma a duba zanen nan, amoniyakal ne." Maijego ba ta ƙara gaishe shi ba har ta gama wanka.

Babban yaƙinsa da daddawa ne. Ya haramta ta a gidansa. Matarsa, Inna Rabi, ta ce to, sannan ta riƙa daka ta a gidan maƙwabta tana zubawa a miyar kuka, kullum cikin fargabar ranar da zai gane. Shi kuwa ya fifita, ya sha, ya suɗe hannu, ya ce mu shaida miya ba ta buƙatar daddawa. Mu sunkuyar da kai muna danne dariya.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, Inna ta ce ba za ta yaudari majinyaci ba. Ta kaɗa miya babu daddawa. Ya fifita, ya ture kwanon.

"Hajiya, laifin me na yi miki?"

"Ai kai ka hana, Malam."

"Na hana ne don mutuncin kimiyya. Hancin nan kin ɗauka ado ne? Tun kina amarya nake jin ta. Maza a leƙa gidan maƙwabta, turminki na can."

Inna ta yi dariya har da hawaye. Har yau a can take daka ta, wai dokar Malam ce.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya ba Inna haƙuri. Ya sa ƙamshin Aljanna ya iske shi har inda yake kwance, ba sai ya fifita ba.