Gadon Wutar da Gwaggo Ta Sa Na Hura

Shekarata goma sha biyar Inna ta haifi autanmu, a gidanmu na Limancin Kona. Baba yana Legas wajen sayar da manyan rigunan da yake ɗinkawa, saboda haka jego ya koma hannun yayarsa, Gwaggo. Mace ce da ba a ce mata a'a. Ita ke yi wa duk matan gidan wankan jego, kuma tana ji da abin kamar sarauta.

A cikin birni a lokacin, mai jego wanka take da ruwa mai zafin gaske safe da yamma, ta sha kunun kanwa, sannan ta kwanta a gadon ƙasa da aka zuba garwashi a ƙarƙashinsa, wai don a kori sanyi. Inna ta saba, haihuwarta ta shida ke nan. Amma bayan suna da 'yan kwanaki ta fara kuka da ƙugunta. Wuri ɗaya ne, can ƙasan baya, in ka ɗora yatsa sai ta yi ƙara. Ga zazzaɓi yana zuwa yana komawa.

"Sanyi ne ya shige ki," in ji Gwaggo. "Ke dai kin faye raki. Ƙara itace, 'yar nan."

Ni ce 'yar nan. Da hannuna na ƙara itacen, kuma abin yana ci mini rai har yau.

Inna ta kai ba ta iya ruku'u. Ta kai sai an riƙe ta take zuwa bayi. Na ce wa Gwaggo a kai ta asibiti, ta kalle ni sama da ƙasa.

"Mai jego ta fita ba ta yi arba'in ba? So kike a ce a gari ban iya jego ba?"

Kun ji fa. Uwata tana murƙususu, ita sunanta take karewa.

Sai da Baba ya dawo, kwana biyu bayan arba'in, ya tarar Inna ba ta iya ɗaga ƙafar hagu. Mota ba ta shiga lungunmu, a tabarma maza huɗu suka ɗauke ta zuwa bakin titi. Likita ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan bayanta, ta tara mugunya, ta danne jijiya. Ya ce da an kawo ta da wuri, allurai sun isa. Wata uku ta yi a kwance, ta dawo gida tana jan ƙafa. Gwaggo kuwa ta bi gidajen suna da biki tana cewa allurar asibiti ce ta nakasa ta.

Na haɗiye fushina. Shekara bakwai ina gaishe ta har ƙasa, ina jira.

Sai ta samu kujerar Makka. Kamar yadda ake yi, ta bi dangi gida gida neman gafara. Ta iso tsakar gidanmu da rakiyar mata. Inna, baiwar Allah, ta ce, "Na yafe miki duniya da lahira, Yaya." Gwaggo ta juyo gare ni don cika al'ada kawai.

"Ke ma, 'yar nan, a yafi juna."

Na ce, "Me zan yafe, Gwaggo? Faɗi abin da kika yi, kowa ya ji."

 Gwaggo ta gyara mayafi, ta ce ai komai ƙaddara ce.

"To ki tafi da shi," na ce. "Ni ban yafe ba."

Inna ta yi mini faɗa har da hawaye, Baba ya yi mako bai amsa gaisuwata ba. Ban ji komai ba sai sanyi a zuciyata, wallahi na ji daɗi. Gwaggo ta dawo da haƙorin Makka, ban je sannu da zuwa ba. Ta rasu ba ta taɓa faɗin abin da ta yi ba.

Ana ce mini riƙo ba kyau, kuma na sani. Amma shekara ashirin Inna tana salla a zaune har ta bar duniya. Ni dai ina jiran ranar da za a tsai da mu, ni da Gwaggo, ta faɗa da bakinta a gaban Inna.