Murhun Indo a Kan Ruwa

A cikin jirgin ruwa Indo ta girma. A wani tsibiri na kogin Kwara aka haife ta, kafin ruwan Kainji ya haɗiye garinsu, gwamnati ta kwaso su ta zaunar a tudu, wajen Warra. Nan ta yi aure ta hayayyafa, mijin ya rasu, ta kama suyar kifi.

Zamanin da Yawuri ke ƙarƙashin Jihar Sakkwato, akwai gandun daji na gwamnati kusa da ƙauyensu, malaina da dalbejiya jeri-jeri har bakin tafki. Ran Lahadi ma'aikatan Yelwa sukan ciko mota su zo shan iska. A shimfiɗa tabarmi, a kunna kaset, wasu ludo, wasu barci. Indo kuwa murhunta na gindin wata dalbejiya, karfasa na fita daga mai tana faɗawa hannun mai ci. Da wannan take riƙe gidanta.

Wata Lahadi da rani sai ga Mainasara malamin daji, ɗan kawunta kuma taubashinta, cikin kaki da takalman gwamnati, ƙwas-ƙwas.

"Indo, kashe wutar ga."

"Kai malamin ciyawa, ko sallama babu? Yunwa ta koro ka?"

"Ba da wasa na zo ba. Daga Sakkwato anka aiko. Wani gandu ya ƙone, an hana hura wuta cikin gandu, ko ashana."

"To kifin fa? Da rana zan soya shi?"

"Soyo shi gida."

Haka ta yi. Amma kafin ta iso da shi a kwano, kifi ya huce ya yi laƙwas. Zuliha, wata nas da ba ta fashin saye, ta taɓa ɗaya da yatsa ta ce, "Inna Indo, wannan sai dai mu ba shi gado a asibiti." Aka kwashe da dariya, kowa ya buɗe ƙunshinsa na gida. Indo ta juya da kwano cike, tana tunanin bakunan da ke jiran ta.

A hanya ta ga tsohon jirgin marigayi mijinta kife a gaɓa. Sai ta tuna innarta. In za su kasuwar Yelwa ta ruwa, takan daɓe tsakiyar jirgi da yumɓu mai kauri, ta kafa duwatsun murhu, tuwo na dahuwa suna tafe. Indo ta sa aka toshe ramukan jirgin, ta kwaɓa yumɓu da hannunta.

Ran Lahadi hayaƙi ya tashi daga kan ruwa. Mainasara ya sheƙo da gudu.

"Ke! Mi nicce miki?"

"Cikin gandu ka ce. Ina iyakar taku?"

Ya nuna turken siminti a gaɓa.

"Ni kuwa ina nike?"

Ya dubi turken, ya dubi jirginta a kan ruwa. Ya ɗebi ƙasa ya saki, ya ga inda iska ke kaɗa ta. "Matsa baya, tartsatsi guda ya isa."

Ba ta yi musu ba, ta sa filafili ta ja baya. In inuwar gandun ta ƙone, wa zai zo?

Yanzu ruwa ne har gwiwa tsakaninta da masu saye. Wani hedimasta ya fara naɗe wando, ya shiga yana ihun sanyi. Zuliha ta tattare zane ta bi shi. Kafin la'asar gaɓa ta cika da takalma, manyan mutane na fantsama wa juna ruwa, kifi na ƙona musu yatsu. Ko da damina ta faɗi aka ɗage dokar, masu saye suka ƙi yarda ta koma tudu. A jirgin ta tsufa.

A waccan Lahadin ta farko dai, Mainasara ya daɗe tsaye a gaɓa, ƙanshi na dukan hancinsa.

"Indo, miƙo ɗaya mana."

"Gwamnati ta hana ni matsowa, ranka ya daɗe."

Ya dubi hagu, ya dubi dama. Ya cire takalman gwamnati ya rataya a wuya, ya tsunduma. Ta zaɓo masa karfasa mafi girma, ta ce, "Hura, malam. Wannan ba a hana ba."