Kamarar da Na Saya Domin Littafin Aro

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halatta ciniki Ya haramta algus. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu, amintacce a fatauci tun kafin aike, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wani aminina ya rasu a Korgom, ya bar littafin fiƙihu na rubutun hannu wanda malaminmu ya cika gefunansa da sharhi. Magada suka ba ni aronsa zuwa faɗuwar damina, domin ya faɗa a rabon babban ɗansa, wanda zai wuce da shi arewa inda yake zaune. Idona ya raunana, hannuna yana rawa, kwafe shi ya fi ƙarfina, wayar hannu kuma ba ta kama ƙananan haruffa. Sai surukina, malamin lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa, ya nuna mini wata tsohuwar kamara da wani saurayi na Maraɗi ya sa a kasuwar intanet. Muka biya, aka aiko ta a motar haya.

Gidana gida ne da maƙwabta ke yawan aro. Buta, fitila, rediyo, duk abin da ya shigo nakan ɗora masa shaidar gidanmu da basilla mai zafi: zane biyu da ɗigo. Haka na yi wa kamarar ranar da ta iso. Da surukina ya zo muka gwada ta a shafukan farko, sai tsakiyar hoton ta fito dishi-dishi, ba a rarrabe harafin ba'un da na ta'un. Wani abu kamar yanar gizo ya kama gilashin idonta ta ciki.

Surukina ya kira saurayin, ya miƙo mini waya.

“Ɗana, ka sayar mana da kaya mai aibi, ba ka bayyana ba.”

“Allah gafarta Malam, ai na rubuta okaziyo. Ta hannu ce, ba amarya ba.”

“Tsohuwa na saya, ban sayi makauniya ba.”

Ya yi dariya, ya yarda a mayar, ya ce a tura masa hotonta tukuna. Da ya gani sai ya kira ni: “Baba, wa ya yi mata tsaga? Tunkiya ce? Wa zai saye ta a hannuna yanzu?”

Na yi shekaru ina karantar da babin ciniki. Na gaya masa hukunci: idan sabon aibi ya auku a hannun mai saye, ko ya riƙe a rage masa gwargwadon tsohon, ko ya mayar ya biya na sabon. Ya ce zai yi shawara. Daga nan sai waya a kashe, sai babu rezo, layi ba ya shiga, sai a ce ya tafi saro kaya.

Surukina ya ce, “Baba, mu ɗauki shafukan a haka mana, ai gefuna suna fitowa.” Na hana. Amfani da kaya bayan ganin aibinsa yarda ce, tana zubar da haƙƙin mayarwa, kuma ba zan yi a ɓoye abin da nake hana ɗalibai ba. Kamara tana cikin jaka, littafi yana kan buzu, hadari yana haɗuwa a gabas.

Daga ƙarshe surukina ya je Maraɗi ya sami mahaifin saurayin, aka yi sulhu: in riƙe kamarar da tsagarta, shi ya aiko wani ido lafiyayye. Idon ya iso bayan ruwan shuka. A lokacin magajin ya riga ya zo a babur ya karɓi amanarsa, ban kuwa nemi ya ƙara mini kwana ba, tunda alkawari ya cika.

Yanzu ina da kamara mai gani tar, da shafukan gwaji kaɗan. Har yau ban ga inda na saɓa hukunci ba, kuma sharhin malaminmu ya tafi.

Allah Ya tsare mai karatu da iyalinsa daga cinikin nadama, Ya sa albarka a abin da ke shiga gidansa. Amin.