Taƙin Baba Kafinta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Rajab, da hantsi aka sanar da mu rasuwarka, Baba Kafinta. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In shiga shago, in fito, in sake shiga.

Shekara tara ina aiki a hannunka. Ba ka taɓa yi wa mutum kujera ba sai ka ga yadda yake zama. Kakan ce gadon mai jego daban, kujerar tsoho daban, don kayan ɗaki su ke riƙe mutum ranar da ƙarfinsa ya gaza. Duk ka zana su a tsohon littafinka, har da irin gadajen da aka daina yi tun kafin a haife ni.

Sai dai ba ka rubuta awo da tef. Da taƙi kake rubutawa, wato daga babban yatsa zuwa na tsakiya, kuma taƙin hannunka. In na yi magana sai ka ce, "Kai, ɗan nan, tef ɓata yake yi. Hannuna kuwa ina zai je?"

Ga shi ya tafi, Baba.

Zanen ƙarshe a littafin kujera ce mai hannu, ta matarka Inna, saboda gwiwarta ta hana ta tashi daga ƙasa. Sau biyu ina yanka ƙafafun da taƙina suna gajarta. Katakon da ka ware saura ɗaya tak, na kasa ɗora masa zarto.

Jiya na je na faɗa mata. Ta dube ni ta ce, "Wannan ne ya hana ka cin abinci? Ɗauko min kujerar girkina." Na ɗauko, duk ta yi baƙi da hayaƙi. Ta ce, "Ina amarya ya yi min ita. Faɗinta taƙinsa biyu cif, a gabana ya auna, yana ta wani yanga."

Na sa tef na auna faɗinta, na raba biyu, na sami taƙinka. Yau da safe na yanka, ƙafafun sun zauna daidai.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Inna da 'ya'yanka, Allah ya ba ku haƙuri. Ranar Juma'a, in Allah ya yarda, zan kai mata kujerarta.