Mai Keke a Bidiyon Yanzu-Yanzu

Shekarun baya, lokacin da na fara riƙe babbar waya, a gidanmu na unguwar Abbaganaram Gidan Rediyo ake ce mini. Ba don daɗin murya ba. Duk labarin da ya fara da "Innalillahi, yanzu-yanzu" sai ya biyo ta hannuna kafin ya shiga kunnen kowa. Ni kuwa gani nake gadin gida nake yi.

Ba zan ce tsoron banza ba ne. Wanda ya zauna Maiduguri a shekarun tashin hankali ya ji abin da ya ji da kunnensa. Sai dai a lokacin da nake ba ku labari gari ya lafa, mutane sun fara komawa gonaki. Ni ne dai ban lafa ba.

Mahaifinmu ya rasu ya bar gona a wajen Khaddamari. Damina biyu ba a shuka ta ba, kuma ni ne sanadi. Da zarar mahaifiyata ta ɗauko zancen sai in zaro waya in nuna mata hoton hayaƙi. A damina ta uku ƙannen Baba suka aiko cewa in bana ma ciyawa za a bar wa ita, to gara a sayar. Da ruwa ya sauka Mama ta tsince irin gyada da wake, ta ɗaure a buhu, ta ce jibi za ta.

Washegari da hantsi bidiyo ya shigo. An rubuta da manyan baƙi wai abin da ke faruwa ke nan yanzu-yanzu a hanyar Khaddamari. Mutane na gudu, mata na salati. Na kalla ya kai sau biyar, na tura wa duk wanda na sani, sannan na nufi tsakar gida har da 'yar murnata, don na samu hujja.

Na tarar tana wanke-wanke. Ta goge hannu a zane, ta sa na ɗauko mata tabarau, ta kalla har ƙarshe ba ta ko motsa ba. Ta ce in mayar baya. Na mayar, ina cewa ai kin gani da idonki. A na uku sai ta ɗora yatsa a gefen gilashin.

"Wannan mai keken, ka san shi?"

Na duba. Wani dattijo ne a bakin hanya yana tura keke, fartanya ɗaure a baya, da tsohuwar hula zanna da ta koɗe. Kowa gudu yake, shi tafiyarsa kawai yake yi. Har ya jingine keken ya ɗauko wa wata mata kwanonta da ya faɗi.

Babana ne. Lokacin yana shekara ta uku a kabari.

Kunya ta rufe ni. Sau biyar ina kallon mahaifina ban gan shi ba, don ba mutane nake kallo ba, abin tsoro nake nema. Mama ta ce tana tune da ranar sarai. An yi harbi da gaske, ba ƙarya. Ya dawo gida ya ci tuwonsa, ya ce ƙafar keken ce ta sace, washegari ya liƙe ta ya koma gona. Ta faɗi wani abu da Kanuri ƙasa-ƙasa, addu'a ce gare shi, sannan ta miƙo mini wayar.

"Gidan Rediyo, gobe kai za ka ɗauki buhun."

Kada ku ɗauka ido rufe muka tafi. A tasha sai da ta bi direbobin da suka fito daga can da safen nan ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar hanya da wanda suka gani a gonaki. Da ta gamsu muka shiga mota. Lafiya lau muka sauka. Muka tarar maƙwabtan gona sun riga mu, wani tsoho ma har yana tsokanata wai ya zaci Kano muka koma. A kwana biyu muka gama shuka, tafin hannuna duk ya yi kanta. Ba a sake ɗaga zancen sayarwa ba.

Har yau ina karanta labarai, kuma wani lokaci gabana yana faɗuwa. Abin da ya canja shi ne nakan tsaya in tambayi yaushe abin ya faru, wa ya gani. Kuma na koyi duba gefen hoto, don kusan kullum akwai wani a can yana tura kekensa.

Bidiyon kuwa ban goge ba. Baba bai son hoto, ba mu da wani abu da ya nuna shi yana motsi sai wannan. Wanda ya tura shi don ya firgita mu ya tura. Yanzu duk ranar da kewa ta taso wa Mama sai ta sa tabarau, ta ce in kunna mata yanzu-yanzun nan, amma in kashe sautin.