Busar Kakana a Filin Arfa

Duk ranar Arfa sai na tuna kakana, mai busa algaita a garinmu na bakin Tafkin Chadi. Yakan ce da wannan busa kakanninmu suka kirawo masuntan da suka ɓace a ruwa.

Shekarar da ya je Hajji, ni na raka shi Arfa. Sai na neme shi na rasa cikin cunkoso, ga rana, ba waya, ba Larabci. Na shiga dube-dube ina kiransa.

Can na jiyo busar garinmu. Na bi sautin, sai ga shi tsaye yana hura tafukansa a madadin algaita, kumatu kamar salka. Na sauke ajiyar zuciya.

Ya ce, "Ja'iri, kai ka ɓace, ba ni ba."

Allah ya karɓe shi da rahama, ya sake haɗa mu.