Rabin Inci a Ƙarƙashin Marmara

Lokacin da nake aikin famfo a Doha, kamfaninmu ya samu wani gida a Wukair, sa'ad da unguwar duk yashi ce da gidaje jefi-jefi. Mai gidan ya kai mahaifinsa asibiti a Turai, ya ga yadda suke ɗumama ɗakuna da ruwan zafi, ya dawo ya ce shi ma haka yake so. Tukunya a bayan gidan tana dafa ruwa, inji yana tura shi cikin bututu, ya zaga ɗaki-ɗaki yana shiga wasu ƙarafa da aka kafa a bango. Mu dai lagireto muke ce musu, kamar na mota. Dariya muka yi ta yi a motar kamfani. Ɗumama ɗaki a garin da ruwan famfo ke ƙona hannu da bazara!

Ni aka ba shimfiɗa bututun doguwar barandar da ke kaiwa ɗakuna huɗu. Zanen ya ce inci ɗaya. Na je sito, babu, sai rabin inci. Masu shimfiɗa marmara za su zo ranar Asabar, ga shugaban aikinmu a kaina, yalla, yalla, wato maza-maza, kamar zai ci mutum. Na ce a raina, bututu ai bututu ne. Shekara da shekaru ina ja wa mutane ruwa a Kano, ban taɓa ganin wanda ya kai ƙara don bututu ya yi siriri ba. In bokiti bai cika yanzu ba, ya cika anjima. Ban san cewa a wannan aikin ruwan da ya yi jinkiri a hanya sai ya huce kafin ya isa ba. Na binne rabin inci, aka zo aka rufe shi da marmara.

Da sanyi ya shigo, aka kira mu. Wanda bai zauna Doha ba ba zai yarda ba, amma wallahi akwai sanyi, irin mai ɗanshi wanda ke shiga ƙashi. Ɗakuna uku sun ɗauki ɗumi. Na huɗu, na can ƙarshe, shiru. Kuma nan ne ɗakin tsohon, mahaifin mai gidan, wanda aka yi duk wannan wahala dominsa.

Na same shi a kan kujera, lulluɓe da bargo biyu, gwiwoyinsa a kumbure. Na gaishe shi da ɗan Larabcin da nake da shi. Ya ce, "Zauna, ɗana," ya turo mini farantin dabino. Na taɓa lagireton, samansa da ɗan ɗumi kamar shayin da aka manta, ƙasansa sanyi ƙalau. Nan take na san abin da na yi.

Na ce, "Iska ce a ciki, Baba." Na kwance 'yar kusar da ke gefe, iska ta yi tsaki ta fita. Tsohon ya yi murmushi ya ce yanzu kam an kama ɓarawon.

Washegari aka sake kira. Wannan karon muka tafi da abokin aikina, wani dattijo ɗan Zangon Kumasi da muke ɗaki ɗaya, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba. Bai buɗe akwatin kayan aiki ba. Ya bi ɗakunan nan huɗu yana ɗora tafin hannu a kan kowane ƙarfe, sannan ya ja ni waje.

"Ƙanena, me ka binne a nan?"

Na faɗa masa.

"To ka je ka faɗa. A fasa marmara, kwana uku an gama."

Na ce, "Yaya, in na faɗa, kafil, ubangidan da ya kawo ni ƙasar, zai soke bizata kafin in rufe baki. In koma gida in ce musu me?"

Ya ce, "Ni ba zan faɗa ba. Amma kai ne za ka riƙa shiga ɗakin nan, ba ni ba."

Haka kuwa aka yi. Mako shida ina zarya tsakanin masaukinmu da Wukair. Na canja injin tura ruwa, ba abin da ya canja. Na rage wa sauran ɗakunan ruwa don ya isa na ƙarshe, uwargidan ta ce 'ya'yanta suna tari, na mayar. Kullum in kwance kusar nan, in nemo 'yar iskar da za ta yi tsaki, don tsohon ya ji an yi wani abu. Kullum ya ba ni dabino, ya ce ina wahala a kansa. Na gaji da hanya, na gaji da ƙarya, na fi gajiya da dabinon nan. Lissafina ɗaya ne, kuma ba na alfahari da shi: sanyin Doha gajere ne, in na daure, zafi zai zo ya rufa mini asiri.

Ya zo kuwa. Wata safiya a watan Maris na shiga ɗakin, na ga an cire bargo ɗaya. An ɗage labule, rana ta faɗo sosai a kan lagireton. Tsohon ya kama hannuna, ya ɗora a kan ƙarfen.

"Ka ji? Ka gyara shi, ɗana."

Ƙarfen da ɗumi. Amma ta bayan gidan na shigo, na kuma ga tukunyar a kashe, ɗansa ya kashe ta tun kwana uku. Tsohon ya ɗaga hannu ya yi ta yi mini addu'a, ni da iyayena da 'ya'yan da bai taɓa gani ba. Na ce amin. Har ƙarshe ina cewa amin.

Ya rasu kafin wani sanyin ya zagayo. Aka mai da ɗakin wurin ajiye darduma da akwatuna, ba a sake kiranmu ba. Na ƙara shekara biyar a Doha, ana sabunta mini biza ba tare da wata matsala ba.